Wake da shinkafar Kiyoto, amma da sukari

Daren 3 ga Fabrairun 2023, bayan isha'i, ina zaune ina ninke wanki sai na ji wani abu yana zuba a kan ɗan rufin kwanon da ke tsakaninmu da maƙwabciyarmu, kwas-kwas-kwas, kamar yara na jifa da tsakuwa. Kafin in tashi sai ga murya: "Oni wa soto! Fuku wa uchi!" Na ɗaga labule. Tsohuwar nan ce mai shekara 81, wadda tun da muka sauka a Kiyoto ta ƙasar Japan ban taɓa jin muryarta ta wuce ta mai raɗa ba. Tana tsaye a bakin ƙofa da ɗan akwatin katako a hannu, tana ɗibar wake tana watsawa cikin duhu.

Watanmu huɗu ke nan a garin. Maigida yana karatun digiri na uku, ni kuma ina gida da 'yarmu mai shekara huɗu, sai ajin koyon Japananci sau biyu a mako. Tsohuwar muna ce mata Obaachan, wato Kaka, ita kuma tana kirana da sunan 'yata, Maman wance, kamar dai a gida.

Da ta hange ni sai ta yafito ni. Ranar ita ce Setsubun, jajibirin bazara a tsohuwar kalandarsu. Abin da take faɗa kuwa: dodo waje, arziki ciki. Waken suya ne, kuma sai gasasshe, don suna cewa in aka jefa ɗanye ya tsiro, sharrin da aka kora ne ya dawo ya yi saiwa. A jikin ƙofarta ta soke kan kifin sadin a reshen wani itace mai ganye da ƙaya: wari ya kore dodo, in ya yi taurin kai ƙaya ta tsone masa ido. Bayan jifa kowa zai ci wake adadin shekarunsa, wasu su ƙara ɗaya na shekara mai zuwa. Ta ce haƙoranta ba za su iya 82 ba, don haka ta jefa uku a shayi da ume mai gishiri, wani ɗan itace mai tsami, ta shanye. 'Yata ta miƙa hannu, Kaka ta janye akwatin: hukuma ta gargaɗi mutane kada a ba ɗan shekara biyar zuwa ƙasa busasshen wake, yana shaƙe yara. A arewacin ƙasar, wajen Hokkaido, gyaɗa mai ɓawo suke jifa da ita, a tsince a ɓare a ci. Na ce lallai waɗannan su ne 'yan uwanmu.

Ni dai ban jefa ba. Na san abin da nake karantawa in ina neman tsari, ita ma ba ta ce in jefa ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne da ta ce, tana kaɗe hannu, "To, gobe bazara." Kwana goma kafin nan dusar ƙanƙara ta rufe garin har jiragen ƙasa suka maƙale da mutane a hanya, ga ni da safa biyu a kowace ƙafa. Ni Bazazzagiya, bazarar da na sani ita ce ta kwana a tsakar gida, randa ta yi ɗumi, mangwaro ya cika kasuwa, a yi ta duban gabas ko hadari zai haɗo. Tasu suna ce mata haru, fitowa ce daga sanyi. Kalma ɗaya muke fassara su da ita, amma ba su ko gaisa ba.

Washegari ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da faranti. Wasu 'yan curi ne guda uku masu laushi, an ɗan matse bakinsu biyu sun yi tsini, an barbaɗe su da gari kore-kore. Uguisu mochi sunansu, siffar wani ɗan tsuntsu ne da kukansa ke sanar da shigowar haru. Na tambayi abin da ke ciki, kamar yadda na saba da duk abincin ƙasar, saboda giyar girki da kitsen alade suna ɓuya a inda mutum bai zata ba. Ta lissafa da yatsu: garin shinkafa, sukari, garin waken suya, da wani abu wai shi an. Na gatsa.

Wake ne. Wake da sukari.

Da ƙyar na haɗiye, ina murmushin dole. Mu da muka tashi da ƙosai da alale da ɗanwake da garau-garau, wake abokin gishiri ne da mai da yaji. Da daddare na kira Umma na ba ta labari, ta yi shiru sannan ta ce, "Allah sarki. Ba su da manja ne?" Sauran biyun na ajiye wa maigida, ya ci rabi ya ce shi ya ƙoshi. Amma da asuba ina shan shayi ba madara na ɗauki ragowar don kada a yi almubazzaranci, sai na ji ɗacin shayin ya kama zaƙin ya zaunar da shi. Daga nan aka fara.

Akwai wani ɗan shagon kayan zaƙi a hanyar makarantar 'yata, irin na gargajiya da suke kira wagashi. Na fara lura cewa abin da ke cikin gilashinsa ba ya wuce mako biyu ko uku sai ya canza, kuma kullum yana gaban yanayi da ɗan taki. Kafin furen ume ya buɗe a wurin bautar Kitano Tenmangu, inda ake bikinsa ranar 25 ga Fabrairu, shagon ya riga ya jera furen na gari da wake. Da furen gaske ya cika itatuwa, sun kwashe nasu sun kawo wani. Na tambayi Kaka dalili. Ta ce in fure ya riga ya fito ai ido ya ci, me ya rage wa baki?

Ranar 3 ga Maris bikin 'yan mata ne, Hinamatsuri. Kaka ta fito da 'yan tsanar 'yarta da ke aure a Yokohama, ta jera su hawa-hawa a kan jan ƙyalle, sarki da sarauniya a sama, ta gayyaci 'yata ta zo ta gani. A gabansu akwai hishimochi, mai hawa uku: kore a ƙasa, fari a tsakiya, ruwan hoda a sama. Ciyawa ce ke tsirowa ƙarƙashin ƙanƙara, fure yana bisa. Akwai farin abin sha na ranar, shirozake, wanda giya ce; ta ɗauke kwalbar ta kai kicin tun kafin in buɗe baki. Ranar 4 da sassafe na ji ta tana ta kiciniyar mayar da su cikin akwati. Wai in aka bar su suka daɗe a waje, 'yar gidan za ta daɗe ba ta yi aure ba. Tata ta yi aure tana da 38, kuma har yau Kaka tana ɗora laifin a kan marigayi mijinta, da wata shekara da ya yi kasalar sauko da akwatunan.

Sanyi dai yana nan. Na ce, "Obaachan, ina bazarar da kika yi min alkawari?" Ta ce sai limaman wurin bautar Todaiji da ke garin Nara sun gama ɗiban ruwa. Wannan ibada ce da ake kira Omizutori, daga 1 zuwa 14 ga Maris, ana yin ta tun shekarar 752 ba a taɓa tsallake shekara ba, kuma mutanen yankin suna cewa haru ba ya shigowa sai an kammala ta. Aka kammala, na sake tambaya. Ta ce ai karin maganarsu ya faɗa: zafi da sanyi iyakarsu higan, makon da dare da yini suke daidaita. Alkawari na uku ke nan. A lokacin na gane cewa bazarar nan biya kaɗan-kaɗan ake yi, kuma kowane biya da abin zaƙinsa.

Na higan shi ne botamochi, kuma shi ne a gida ake yi ba saye ba, aƙalla a gidan Kaka. Na roƙe ta ta koya mini, ta ce in bari ranar ta matso. Ni kuwa na ga dafa wake ne fa, abin da nake yi tun ina 'yar shekara goma. Na sayi azuki, ɗan jan waken nan nasu mai farin layi a ciki, na leƙa waya sama-sama, na ɗora tukunya. Ya tafasa, ya fara kumbura, na ce bari in zuba sukarin yanzu ya shiga jikinsa sosai, kamar yadda ake sa gishiri. Na yi awa uku ina ƙara ruwa. An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. To ni romon kawai na samu, dutsen yana nan. Kowace ƙwaya ta yanƙwane ta yi sheƙi ta ƙi mutuwa.

Na ɗiba a ɗan kwano na kai mata. Mutanen Kiyoto sun yi suna a duk Japan wajen iya magana a lulluɓe. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta tauna, ta ce, "Wakenki lafiyayye ne. Haƙora za su samu abin yi." Sai da na dawo gida na zauna sannan maganar ta iso ni.

Ranar Litinin 20 ga Maris da ƙarfe tara na safe na shiga kicin ɗinta, ta ɗaura mini ƙyalle a ƙugu. Higan kwana bakwai ne, ranar da dare da yini suke daidaita ce a tsakiya, wadda a shekarar ta faɗo 21 ga wata, kuma ranar hutu ce a ƙasar. Kalmar tana nufin wancan gaɓar kogi, inda matattu suke a imaninsu na Buda. A ranar rana tana faɗuwa a yamma sak, kuma a yamma suke cewa aljannarsu take, don haka a makon ne ake zuwa share kaburbura. Jan launin azuki kuma tun da can suna ɗaukarsa mai kore sharri. Waken mu za a dafa yau, gobe a yi shinkafa.

Ta auna giram 300 a sikeli. Na ce a gida ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, na fassara mata da ƙyar. Ta ce idona ne ya dafa na makon jiya? Na yi shiru. Muka baza waken a faranti muka tsince masu huji da fasassu, nan kam ra'ayinmu ɗaya, wake ɗaya ke ɓata gari. Yawancin azukin ƙasar daga Hokkaido yake zuwa, amma ta nuna mini wani mai manyan ƙwaya daga Tamba, nan kusa da Kiyoto, ana ce masa dainagon, sunan wata babbar sarautar fada. Wai masu wannan sarauta ba a sa su farke cikinsu da takobi, shi ma waken cikinsa ba ya fashewa a tukunya. Ta mayar da shi kabad; ya fi ƙarfin abin da za a murje.

Ba a jiƙa azuki. Wankewa kawai muka yi muka ɗora da ruwa mai yawa. Da ya tafasa minti kaɗan, ruwan ya yi ja kamar shayi, ta ce in juye a rariya in zubar. Na ji zafin zubar da shi, don a ganina amfanin ne ke tafiya, amma ta ce baurin ne. Muka sake sabon ruwa, ta rage wuta har waken yana ɗan rawa kawai ba ya tsalle. Duk lokacin da ruwa ya ja baya ƙwayoyin suka leƙo, sai ta zuba kofi guda na ruwan sanyi. Sunansa ruwan firgita. Tafasar takan kwanta, fatar da ta tattare ta saki, cikin ya samu ya kamo wajen. Tana kwashe kumfa da ludayi ba ta ko kallon agogo.

Bayan kamar awa ɗaya na ce ya yi. Ta tsamo ƙwaya ɗaya ta hura, ta ce in murje ta tsakanin babban yatsa da ƙaramin. Da manuniya kowa zai iya fasa wake, ƙaramin yatsa ne ba shi da ƙarfin yin ƙarya. Na matsa, ya fashe amma na ji ɗan tsaki a tsakiya. Muka ƙara minti ashirin. Na biyu ya narke kamar man shanu. A nan ta faɗa mini laifina: sukari yana janye ruwa daga cikin wake, in ya shiga kafin wake ya gama dahuwa to ya kulle ƙofa, ko kwana za a yi ana wuta ba zai ƙara laushi ba.

An ɗin, wato waken nan mai sukari, iri biyu ne. Akwai tsubuan mai fata da ƙwaya, akwai koshian da ake tacewa. Kaka ta ce da kaka, lokacin da waken yake sabon girbi fatarsa da laushi, da fatar ake yi. Wanda ya kwana rumbu duk hunturu kuwa fatarsa ta yi tauri, sai a raba shi da ita. Shi ya sa na haru tatacce ne. Abinci ɗaya ne kuma, amma da kaka sunansa ohagi, sunan wani ɗan fure na lokacin, da haru kuma botamochi, daga botan, wani babban fure mai cika hannu. Shaguna yanzu ohagi suke rubutawa duk shekara, abin da take faɗa tana taɓe baki.

Da aka zo tata sai na ji na dawo gida. Ta kifa rariya mai laushi a kan babban kwano, muna zuba waken muna murzawa da ludayi muna yayyafa ruwa, ƙullin yana sauka, dusar fatar tana tsayawa a sama. Aka cika kwanon da ruwa, aka bar shi ya kwanta, aka tsiyaye na saman. Na ce, "Obaachan, wannan ai gasara ce!" Ban jira umarni ba na karɓi kwanon, na karkata shi a hankali yadda ruwan zai tafi ƙullin bai motsa ba, kamar yadda Umma ta koya mini da ƙullin koko. Sau uku muka yi har ruwan saman ya yi garau. Na juye a farin ƙyalle, na murɗe bakinsa, na ɗora a katako na danna da dukan nauyina. Ta tsaya tana kallona da hannu a baya. Ta ce ashe a ƙasarku ma akwai mutane. Yabo ne, na karɓa.

Abin da ya fito daga ƙyallen wani dunƙule ne mai launin hanta, yana marmashewa, ba shi da ɗanɗanon komai. Ta narkar da sukari giram 250 da ɗan ruwa a tukunya, muka zuba rabinsa, ya narke, muka zuba sauran. Wutar a nan da ƙarfinta, abin da ban zata ba. Wai in aka yi ta jan lokaci a ƙaramar wuta launin yakan dushe. Ta miƙo mini muciya mai faɗi. Na kama tuƙi irin na tuwo, ta riƙe mini hannu. Ba a tuƙa shi, yakan yi danƙo. Turawa ake daga gabanka zuwa can, ana goge gindin tukunya kada ya kama. Yana tafasa yana tofi, ɗigo ɗaya ya sauka mini a wuyan hannu, tabon yana nan har yau kamar ƙwayar gero. Da muciya ta ja layi aka ga gindin tukunya na ɗan lokaci kafin ya rufe, ta jefa gishiri ɗan tsunkule, ta kashe wuta. Ni a idona bai yi kauri ba. Ta ce zai ƙarasa da kansa. Muka ɗiba cokali-cokali muka jera a tire don ya huce da wuri, muka rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ƙarfe ɗaya ta wuce.

Washegari shinkafa. Ma'auninsu go ne, ɗan kofi mai cin kimanin giram 150. Go ɗaya da rabi na shinkafa mai danƙo, rabin go na ta kullum, aka jiƙa awa ɗaya aka dafa a tukunyar lantarki. Tana buɗe murfin ta miƙo mini 'yar taɓarya ta ce, "Rabin kisa za ki yi mata." Kalmar kisa na san ta daga labaran talabijin, na tsaya da taɓarya a hannu. Ta yi dariya har da riƙe teburi. Hangoroshi ke nan, a daka shinkafa rabi a bar rabin ƙwayoyin a raye. In aka dake ta lilis shi ne minagoroshi, kashe kowa. Akwai tatsuniyar matafiyin da ya sauka a gidan wasu tsofaffi, cikin dare ya ji suna shawara ko rabin kisa za a yi wa baƙo gobe ko a gama gaba ɗaya, ya tsallake taga ya bar karin kumallonsa.

Na tsoma taɓaryar a ruwan gishiri na daddanna har shinkafar ta haɗe amma ana ganin ƙwayoyinta. Muka cura ashirin tun da zafinta, kowanne kamar ƙwan kaza ƙarami. Sai a shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a tafin hannu, a baza an kamar faifai, tsakiyar ta fi gefe kauri, a ɗora curin, a tattaro ƙyallen yana jan waken sama har ya rufe. Nata yana fitowa sumul kamar dutsen rafi. Na farkon nawa shinkafa ta leƙo ta gefe, na biyu ya yi ƙaton kai. Wajen na shida hannuna ya gane cewa ba matsewa ake ba, juyawa ake. Guda shida muka juya su, wake a ciki shinkafa a waje, muka mirgina a garin gasasshen waken suya, wanda ƙamshinsa ya tuna mini da garin ƙuli.

Ina kallon tiren sai dariya ta kama ni. Kwana biyu ina wahala, abin da na girka wake da shinkafa ne.

Kafin ta taɓa ko ɗaya, sai ta ɗauko wani kwano ta ware namu guda shida ta rufe ta ajiye a bakin ƙofa. Sannan ta ɗauki biyu masu garin waken suya, waɗanda mijinta ya fi so, ta shiga ɗaki wajen 'yar kabad ɗin ibadarsu inda hotonsa yake. Na ji ƙarar ƙaramar ƙararrawa da ƙamshin turaren tsinke. Ban taɓa yi mata bayanin cewa ba ma cin abin da aka miƙa a irin wannan wuri ba, ban san inda ta fahimta ba. Na zauna a kicin ina wanke muciya, ina tuna wainar da ake rabawa a unguwarmu ranar sadakar arba'in, na yi wa Babana addu'a.

Sauran aka jera a akwatin abinci mai hawa, ni da 'yata muka zama 'yan aike gida uku. Wata maƙwabciya ta dawo mana da akwatin da kwalin ashana a ciki, don ba a mayar da kwano haka nan. Maigida ya dawo daga ɗakin bincike ya tarar da kwano a teburi. Suna da karin magana, botamochi daga kan kanta, wato ka kwanta baki buɗe ya faɗo maka. Tsuntsu daga sama gasasshe dai. Ya ci uku a tsaye, mutumin da ya ce ya ƙoshi a Fabrairu.

Ranar Alhamis 23 ga wata muka ɗauki azumi, kuma a wannan makon furen itacen sakura ya cika gari, da wuri fiye da yadda aka saba. A Japan hukumar yanayi ce ke sanar da buɗewar furen, tana da itace guda da take dubawa a kowane yanki, in fure biyar ko shida suka buɗe a kansa sai a faɗa a labarai. Bakin kogin Kamo ya cika da shuɗin tabarmar leda, kuma tun 13 ga wata gwamnati ta bar wa kowa zaɓin sa takunkumi, fuskoki sun fara fitowa. Kowa yana ci yana sha ƙarƙashin fure, mu muna wucewa da bakin azumi.

Na ce zan yi sakuramochi ni kaɗai, mu sha ruwa da shi a bakin kogi. Shi ma iri biyu ne. Na Tokiyo kamar 'yar fanke ce a naɗe, an fara sayar da ita a 1717 a ƙofar wurin bautar Chomeiji da ke bakin kogin Sumida. Na yankinmu da domyoji ake yi, shinkafa mai danƙo da aka turara aka busar aka ɓarza, kamar tsakin dambu. Ganyen da ake naɗewa na sakurar Oshima ne, yawancinsa daga garin Matsuzaki na Izu, ana ɗaure shi hamsin-hamsin a jiƙa a gishiri wata da watanni. Ɗanyen ganyen ba ya ƙamshi, gishirin ne ke fito da shi.

An ɗin na sake dafawa daga farko, ƙaramin yatsa ya ba da shaida kafin sukari ya shiga. Matsalar launi ce. Wani jan launin abinci daga ƙwaro ake samo shi, ban kuma iya karanta rubutun kwalbar da kyau ba, sai na tuna da zoɓon da na zo da shi a akwati. Na jiƙa fure uku, na zuba ruwan a kan giram 100 na tsakin. Ya koma launin toka mai shuɗi-shuɗi, kamar bakin wanda sanyi ya kama. Na kusa kuka. Na matsa ɗigon lemon tsami biyu don dai in ga abin da zai faru, sai ga ruwan hoda ya dawo a gaban idona. Na turara, na bar shi ya huce a rufe, na raba takwas, na cusa wake a kowanne, na jiƙa ganyen kwata guda don gishirin ya ragu, na naɗe.

Kaka ta zo da tabarmarta da shayi a gora. Mun zauna tun biyar da rabi, ta ƙi taɓa komai, ta ce ita ma za ta jira rana. Wajen shida da kwata waya ta yi kiran salla a aljihun maigida, muka buɗe baki da dabino. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce launin ya ɗan yi surutu. Ta ci har da ganyen, wanda wasu ke ɓarewa, gishirinsa yana karo da zaƙin. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta ce, "Waken ya dahu."

Ni ma na zo da tawa kular. Garau-garau ne, da farin waken da na samo a shagon halal, da mai da yajin Umma. Na zuba mata kaɗan. Ta leƙa ta ce ai su ma suna da irinsa, sekihan, jar shinkafa da azuki da gishiri da riɗi, ta ranar murna. Ta kai cokali baki. Idonta ya kawo ruwa, ta yi tari, 'yata ta miƙa mata gorar shayi. Da ta samu numfashi ta goge ido da hankici, ta ce sekihan ne, amma mai faɗa. Sannan ta turo farantin ta ce in ƙara mata cokali ɗaya, ta gefen da yajin bai taɓa ba.